Kujerar Alƙali: Yadda Wasan Horar da Sojojin Furusiya Ya Haifi Jagoran Wasan Kan Tebur

A wajajen shekarar 1969, a tagwayen biranen Minneapolis da St. Paul na jihar Minnesota ta Amurka, wani matashi mai suna David Wesely ya gayyaci abokansa wasan yaƙi irin na kan tebur. Al'adarsu ita ce su jera 'yan ƙananan sojojin dalma a faffaɗan tebur, su rabu gida biyu, su sake buga yaƙe-yaƙen zamanin Napoleon da abin awo da dayis, wato ɗan abin nan mai fuska shida da ake jefawa a ludo. A wannan karon sai Wesely ya zo da sabon salo. Ya ƙirƙiri wani gari na ƙasar Jamus, ya raɗa masa suna Braunstein, ya ce ga rundunoni biyu nan tafe za su gwabza a kansa. Kafin su iso, sai ya rarraba wa mutanensa muƙaman cikin gari: wannan magajin gari, wancan mai banki, wani shugaban jami'a, wani kuma jagoran ɗalibai masu tayar da ƙayar baya. Kowa ya raɗa masa burinsa a asirce.

Tsarin da ya yi shi ne kowa ya same shi a wani ɗaki shi kaɗai, ya faɗi abin da yake son aikatawa, shi kuma ya yanke hukunci. Sai jama'a suka zo fiye da yadda ya zata. Masu jiran layi suka gaji da zama, suka shiga ƙulla yarjejeniya a tsakaninsu, suna yi wa juna ƙarya da alkawari, kowa na magana da bakin muƙamin da aka ba shi. Har mutum biyu suka ƙalubalanci juna da takobi, alhali babu dokar hakan a takardun Wesely, dole ya ƙago ta nan take. Dare ya raba ba tare da rundunonin nan sun harba ko harsashi ɗaya ba. Wesely ya tashi yana ganin wasa ya kuɓuce masa, ya ji kunya. Su kuwa abokan tambayarsu ɗaya ce: yaushe za a sake?

Daga wannan dare ne wasan kwaikwayo na kan tebur ya tsiro, wanda mafi shahararsa shi ne Dungeons & Dragons. Ga wanda bai taɓa gani ba, siffarsa ke nan: mutum huɗu ko biyar za su kewaye tebur, kowa ya riƙe tauraro ɗaya da ya ƙirƙira, mai suna da hali da gwaninta. Mutum ɗaya kuma, jagoran wasa, shi ke riƙe da sauran duniya. Zai ce, "Kun iso ƙofar gari bayan magariba, an rufe, mai gadi na gyangyaɗi." Ɗaya ta ce za ta haura ganuwa, wani ya ce zai tashi mai gadi ya lallaɓe shi. Inda abu ke da haɗari sai a jefa dayis, ba don kuɗi ba, don dai a san ko dabarar ta ci. Ya yi kama da tatsuniya, amma da bambanci babba. Kaka ta san ƙarshen labarin Gizo tun kafin ta buɗe baki. A nan kuwa masu sauraro ne ke riƙe da Gizo, kuma ita kanta mai ba da labarin ba ta san inda za a kwana ba.

Tambayar da ta dami Wesely a daren nan ita ce har yau ke damun duk wanda ya zauna a kujerar jagora: iko nawa ya kamata ya riƙe, nawa zai sakar wa doka, nawa kuma zai bar wa 'yan wasa? Tambayar ta girmi Wesely da shekara fiye da ɗari, kuma amsoshin da aka yi ta ba ta su ne mafi amfanin shawarwarin da mai koyo zai samu.

Alƙali na farko soja ne

A 1812 wani jami'in gwamnatin Furusiya, Georg Leopold von Reisswitz, ya gabatar wa Sarki Friedrich Wilhelm na Uku wani teburin wasan yaƙi mai guntayen allo da ake harhaɗawa su ba da siffar tuddai da koguna. Ɗansa, wanda hafsa ne a rundunar igwa, ya gyara aikin uban, ya fitar da dokokinsa a 1824 da sunan Kriegsspiel, ma'ana wasan yaƙi. Ya mayar da shi kan taswira ta gaske, runduna ɗaya ja ɗaya shuɗiya, kowane zagaye na wakiltar minti biyu na fagen fama. Da aka gwada wa Janar Karl von Müffling, babban hafsan hafsoshi, sai ya ce wannan ai ya wuce wasa, makarantar yaƙi ce, ya kuma ba da shawarar a yaɗa shi a rundunar ƙasar.

Babban abin da ɗan Reisswitz ya tsayar shi ne kujerar alƙali. A dara ko a ces kowa na ganin dukkan fili. A yaƙi kuwa kwamanda bai san abin da ke bayan tudu ba. Saboda haka 'yan wasa ba sa taɓa sojojinsu da hannu. Sukan rubuta umarni su miƙa wa alƙali, shi kaɗai ya san inda kowa yake. Ya lissafa tsawon lokacin da ɗan aike zai ɗauka a kan doki kafin saƙo ya isa, ya jefa dayis, ya duba jadawalin asara, sannan ya faɗa wa kowane ɓangare iyakar abin da idonsa zai iya gani. Aikin alƙali na asali ke nan: riƙon sirri da raba labari da adalci. Mai wannan fasaha bai ci moriyarta ba. An yi masa canjin wurin aiki zuwa Torgau, abin da ya ɗauka a matsayin kora, ya kashe kansa a 1827.

Da tafiya ta yi nisa sai dokokin suka yi kauri. Kowane gyara ya haifi sabon jadawali, har ya zama ana ɓata lokaci mai tsawo wajen lissafin arangamar minti biyu, hafsoshi suka fara gudun wasan. A 1876 Julius von Verdy du Vernois ya kawo mafita: a ajiye jadawali da dayis, a ɗora gogaggen hafsa ya yanke hukunci da saninsa. Wasa ya yi sauri, amma sai ya dogara kacokan ga nagartar mutum ɗaya. In alƙali ya san aiki, a ƙaru. In mai son zuciya ne, babu takardar da za a kafa masa hujja da ita. Tun daga nan aka sami mazhabobi biyu, masu riƙo da doka da masu riƙo da hukuncin alƙali, kuma duk gardamar da za ta biyo baya jikar wannan ce.

Nasarar Furusiya a kan Faransa a yaƙin 1870 zuwa 1871 ta sa wasu ƙasashe suka kwaikwayi wasan. A Amurka wani hafsa, Charles Totten, ya wallafa nasa mai suna Strategos a 1880. A Ingila marubuci H. G. Wells ya fitar da Little Wars a 1913, wanda ya mayar da abin nishaɗin farar hula, ana harbin sojojin dalma da 'yar igwar wasa a tsakar ɗaki. Littafin Totten ne Wesely ya tsinta a ɗakin karatu na jami'a bayan shekara tamanin da wani abu, ya ɗauko daga ciki ra'ayin cewa ɗan wasa na iya gwada duk abin da ya zo masa a rai, alƙali ne zai auna yiwuwarsa.

Kurkukun da ke ƙarƙashin fada

Bayan daren farko, Wesely ya yi abin da mafi yawan sababbin jagorori ke yi idan wasa ya kuɓuce musu: ya ƙara matse dokoki. Braunstein na biyu da na uku sun tafi bisa tsari, amma armashi ya ragu. A na huɗu sai ya sassauta, ya kai labarin wata ƙirƙirarriyar ƙasa ta Latin Amurka da ke bakin juyin mulki. Wani ɗalibin tarihi, Dave Arneson, wanda shi ne aka kashe a faɗan takobin daren farko, ya sami ƙaramin muƙami: ɗan gwagwarmaya mai raba takardun farfaganda. Arneson ya shawo kan sauran cewa shi jami'in leƙen asirin Amurka ne, ya yi awon gaba da baitulmalin ƙasar, ya tsere a jirgi mai saukar ungulu, yana watso takardunsa daga sama. Darasi ga ɗan wasa a nan a fili yake. Ƙanƙantar muƙami ba ta hana komai. Wanda ya zo tebur da buri da dabara shi ke motsa labari, wanda ya zauna jiran a ba shi kuwa sai ya kwana yana kallo.

Da Wesely ya tafi aikin soja a 1970, Arneson ya gaji kujerar. A 1971 ya buɗe Blackmoor, ƙasar jarumai da matsafa da dodanni. Ya kawo abubuwa da suka zama ginshiƙai. Tauraro ba ya ƙarewa da tashin zama, yakan dawo mako mai zuwa da tabonsa da dukiyarsa. Yana tara maki daga abin da ya sha, ƙarfinsa na ƙaruwa mataki-mataki. Sannan ga kurkukun ƙarƙashin fadar Blackmoor, hawa bisa hawa zuwa cikin ƙasa, wanda 'yan wasa suka so fiye da komai.

Akwai hikimar aiki a cikin wannan kurkuku da ya kamata sabon jagora ya lura da ita. A fili buɗaɗɗe 'yan wasa na iya nufar ko'ina, jagora kuwa ba zai iya shirya ko'ina ba. A cikin kurkuku bango ya taƙaita zaɓi: dama ko hagu, a buɗe ƙofa ko a wuce. Zaɓin na gaske ne, amma adadinsa bai fi ƙarfin mutum ɗaya ba. Wanda zai fara jagoranci a yau, ƙauye ɗaya da kango ɗaya mai ɗaki goma sun ishe shi. Ba a fafe gora ranar tafiya, gaskiya ne, amma kuma ba a ɗaukar gorar da ta fi ƙarfin kafaɗa.

Dala goma, littafi uku

Arneson ya san Gary Gygax tun 1969, a taron masu wasan yaƙi na Gen Con da Gygax ya assasa a garinsu Lake Geneva ta jihar Wisconsin shekara guda kafin nan. Gygax ya rasa aikinsa na kamfanin inshora a 1970, ya koma gyaran takalma a gidansa don ciyar da iyali, yana rubuta dokokin wasanni a gefe. Cikinsu har da Chainmail, wanda suka fitar da Jeff Perren a 1971, mai ɗan ƙarin babi a kan matsafa da dodanni. A ƙarshen 1972 Arneson ya je Lake Geneva ya buga masa Blackmoor. Gygax ya karɓi 'yan takardun Arneson ya faɗaɗa su, ya fara gwaji da 'ya'yansa. Da kamfanoni suka ƙi karɓa, sai shi da abokinsa Don Kaye suka kafa TSR a 1973, Brian Blume ya shigo da jari. A Janairun 1974 aka buga kwafi 1,000 na Dungeons & Dragons, 'yan littattafai uku a kwali, dala 10.

Duk wanda ya karanta bugun farkon nan zai ga ramuka ko'ina. Dokokin a warwatse suke, wasu ma sai an koma Chainmail. Sunan mai kujerar har lokacin alƙali ne, kuma an kiyasta cewa alƙali ɗaya zai iya ɗaukar kimanin mutum ashirin. A ƙarshen littafi na uku marubutan suka shawarci mai karatu da cewa in ya ci karo da giɓi ya cike da ra'ayinsa maimakon ya rubuto musu tambaya. Ramukan nan sun zama alheri. Kowane gari ya ƙirƙiro nasa salon, mutane suka riƙa musayar dabaru ta mujallun sa-kai irin su Alarums & Excursions da Lee Gold ta fara a 1975. A shekarar ce kuma Ken St. Andre, wanda ya ga dokokin sun cika ruɗani, ya fitar da nasa mai sauƙi, Tunnels & Trolls.

Amma da kasuwa ta buɗe sai mazhabar doka ta dawo. Tsakanin 1977 da 1979 Gygax ya fitar da manyan littattafai uku na Advanced Dungeons & Dragons, cike da jadawali, yana mai cewa ana buƙatar doka ɗaya da za a yi gasa da ita a ko'ina. Sunan Arneson bai fito a matsayin marubuci a kansu ba. Arneson, wanda ya yi ɗan gajeren aiki a TSR a 1976 ya bari, ya kai ƙara kotu a 1979 a kan haƙƙinsa, aka sasanta a 1981. Mutum biyun da suka ba duniya wasan haɗin kai sun kasa raba abin da ya haifar cikin lumana, kuma abotarsu ba ta koma kamar da ba.

A wannan zamani ne kuma aka sami hoton jagora a matsayin abokin gaba. Gygax ya tsara Tomb of Horrors don gasar taron Origins na 1975, aka buga shi a 1978: kabari ne cike da tarkuna masu kashewa nan take, an yi shi ne musamman don karya alfaharin 'yan wasan da ke cewa babu abin da zai gagare su. A gasa, inda kowa ya san abin da ya shigo, yana da ma'ana. Matsalar ita ce dubban matasa sun ɗauka haka ake jagoranci kullum. Alhali jagora ba shi da abin da zai ci a wannan kokawa, domin wanda ke da ikon cewa rufi ya rufto ba ya buƙatar wayo kafin ya kashe kowa. Haɗari na da daɗi ne idan an ga alamarsa tun da wuri: ƙasusuwa a bakin ƙofa, ƙurar da ba a taka ba, shirun da ya yi yawa. In tauraro ya mutu bayan an nuna masa alama, mai shi zai ce laifinsa ne. In ya mutu babu gargaɗi, ba lallai mai shi ya dawo mako mai zuwa ba.

Zamanin labari da tarkonsa

Tracy Hickman da matarsa Laura sun yi wata tambaya mai sauƙi bayan wani wasa da aka ci karo da wani dodo mai shan jini a wani ɗaki na kurkuku: me yake yi a nan, me yake so? Amsarsu ita ce Ravenloft na 1983, inda mugun labarin, Strahd, ke da tarihi da buri, yana kuma bibiyar 'yan wasa maimakon ya zauna jiransu. Sun ƙara da wata dabara: a farkon wasa ana jan kati don a tantance inda aka ɓoye muhimman kayayyaki da abin da Strahd ke nema, don haka ko jagoran bai san yadda za ta kaya ba sai an zauna. Shawarar da ke ciki har yau tana aiki. Kafin ka rubuta ƙarfin mugu, rubuta abin da yake so da abin da zai yi in babu wanda ya tare shi.

Sai dai nasarar labari ta zo da nata ciwon. Jerin Dragonlance da ya fara a 1984 ya tafi kafaɗa da kafaɗa da littattafan ƙagaggun labarai na Margaret Weis da Tracy Hickman, don haka dole wasa ya bi sawun littafi. Har doka aka sa cewa in wani muhimmin tauraro ya mutu kafin lokacinsa, a ɓatar da gawar yadda zai iya dawowa. 'Yan wasa suka raɗa wa irin wannan salo sunan layin dogo: kana iya leƙe ta taga, amma ba ka da sitiyari. A 1991 Vampire: The Masquerade na Mark Rein-Hagen ya sauya wa mai kujerar suna zuwa mai ba da labari, abin da ya jawo sababbin mutane da yawa, ya kuma ƙarfafa wa wasu jagorori zaton cewa su marubuta ne, sauran kuwa 'yan kallo.

Maganin ya riga cutar zuwa. Tun 1979 Jennell Jaquays ta tsara Caverns of Thracia da ƙofofin shiga fiye da ɗaya, da hanyoyi masu zagayowa su haɗe, da matakalai na ɓoye tsakanin hawa da hawa. Ƙungiya biyu za su shiga wuri ɗaya su fito da labari biyu mabambanta. Abin da Jaquays ta shirya wuri ne da mazaunansa da rigingimunsu. Labarin kuwa sai an zauna yake samuwa.

A gefe guda kuma wasan ya sha tuhuma daga waje. A 1979 wani ɗalibi ya ɓace a Jami'ar Jihar Michigan, mai binciken da aka ɗauka ya yi hasashen cewa wasan ne ya kai shi ramukan ƙarƙashin makarantar. An same shi daga baya, kuma ɓatansa ba shi da alaƙa da wasan, amma jaridu sun riga sun yaɗa. A shekarun 1980 aka kafa ƙungiyar yaƙi da wasan, shirin talabijin na 60 Minutes ya yi rahoto a kansa a 1985, har TSR ta cire sunayen shaiɗanu daga bugun 1989. Abin ban mamaki, hayaniyar farko ta ƙara wa wasan kasuwa ne.

Da aka koma tambayar Wesely

TSR ta durƙushe da bashi, Wizards of the Coast ta saye ta a 1997, Hasbro kuma ta sayi Wizards a 1999. Amma gyaran kujerar jagora ya fi fitowa daga ƙananan masu ƙirƙira da suka haɗu ta intanet, kowannensu ya kama wata tsohuwar matsala.

Ta farko ita ce yawan jifa. Vincent Baker, a Dogs in the Vineyard na 2004, ya shawarci jagora da cewa in babu abin da za a rasa, ya amince kawai a wuce. A ajiye dayis sai inda akwai rikici. Ta biyu ita ce faɗuwar da ke tsayar da wasa cak. A Apocalypse World na 2010, Baker ya sa ana jefa dayis biyu masu fuska shida a haɗa. Goma zuwa sama nasara ce. Bakwai zuwa tara nasara ce mai ɗauke da hasara. Shida zuwa ƙasa kuwa al'amari ya ƙara dagulewa. Lissafin na da kyau a duba: cikin hanyoyi 36 da dayis biyu ke iya faɗuwa, 6 ne kawai ke ba da goma zuwa sama, 15 na ba da bakwai zuwa tara, 15 kuma shida zuwa ƙasa, kafin a ƙara gwanintar tauraro. Wato an gina wasan ne a kan "ka samu, amma". Ko da wane tsari kake wasa, kana iya aron wannan. Ɓarawo ya kasa buɗe kwaɗo? Kada ka ce bai buɗu ba ka yi shiru. Ka ce ya buɗu, amma ƙarar ta tashi kare.

Ta uku ta shafi wasannin bincike irin Call of Cthulhu na Sandy Petersen, wanda ya fito a 1981. In gano wasiƙar da ke cikin aljihun tebur ya dogara ga jifa ɗaya, kuma jifar ta faɗi, labari ya mutu. Robin Laws ya tsara GUMSHOE a kan cewa muhimmiyar alama ba a jefa mata dayis: wanda ya duba inda ya dace da gwanintar da ta dace ya samu, wahalar tana wajen fassara ta. Justin Alexander kuma a 2008 ya ba da ƙa'idar alamu uku: duk gaskiyar da kake so a gano, ajiye mata hanyoyi uku, domin 'yan wasa za su tsallake ta farko, su yi wa ta biyu mummunar fahimta.

Ta huɗu ita ce amana. Tunda komai na iya faruwa a tebur, ana iya taɓo abin da zai sosa wa wani rai. Ron Edwards a 2003 ya bambance abin da ba za a kawo ba sam da abin da za a ambata a wuce ba tare da bayani ba. Daga baya John Stavropoulos ya kawo katin da kowa zai iya taɓawa a tsallake wani abu ba tare da an tambaye shi dalili ba. Daga nan al'adar zama na musamman kafin fara wasa ta yaɗu, inda ake yarda a kan irin labarin da ake so, da lokacin haɗuwa, da iyakokin kowa. Wannan ita ce amsar matsalar da Verdy ya bari a 1876. In hukunci zai dogara ga mutum, to sai an gina yarda da shi tun kafin a fara.

Bugu na biyar na Dungeons & Dragons ya fito a 2014, shirin Critical Role ya fara a 2015, miliyoyin mutane suka ga wasan a karon farko ta allo, a hannun Matthew Mercer da abokansa, waɗanda sana'arsu ce sanya murya a fina-finai da wasannin kwamfuta. Wannan ya haifar da sabon nauyi: sabon jagora na auna kansa da ƙwararru, ya ga bai iya sauya murya ba, ya karaya. Tarihin da muka bi bai goyi bayan wannan tsoro ba. Babu ɗaya daga cikin Reisswitz da Wesely da Arneson da aka san shi da iya murya. Abin da suka riƙe shi ne sanin abin da ke bayan tudu, da faɗin gaskiya game da abin da ido ya gani, da yanke hukunci nan take idan doka ta ƙare, sannan a tsaya a kan hukuncin har a tashi, a yi gardamarsa daga baya.

Nauyin kuma ba na jagora kaɗai ba ne. Ɗan wasan da ya ba tauraronsa dalilin tafiya da sauran, ya rubuta sunayen mutanen da aka haɗu da su, ya juya ya tambayi wanda ya yi shiru me nasa tauraron zai yi, ya ɗauke wa jagora rabin kaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Gygax ya rasu a Maris na 2008, Arneson ya bi shi a Afrilun 2009, bayan ya shafe shekaru yana koyar da tsara wasanni a jihar Florida. Wesely kuwa ya dawo yana buga Braunstein a tarukan masu wasa, ga mutanen da ba a haifa ba lokacin da ya fara. Kuskurensa na daren farko bai wuce ɗaya ba: ya auna zaman da takardar da ya shirya, bai auna shi da fuskokin mutanen da ke ɗakin ba. Idan ka jagoranci wasa, ka tashi kana ganin komai ya wargaje, kada ka yi saurin ƙara doka. Tambayi mutanenka tukuna wane wuri ya fi yi musu daɗi. Sau da yawa za su ambaci daidai wurin da takardarka ta ƙare.